Inna Amatu Mai Sallamar Baƙi

Kafin hantsi ya dubi ludayi Inna Amatullahi ta riga ta bar Safana. Za ka hango ta a bayan ɗan acaɓa, ta ɗaure mayafi tamau, jaka a cinya. Ba wani abin a zo a gani ne a jakar ba: tocila, ludayin duba randa, sai ƙullin goro na tsofaffi. Yau Tsaskiya, gobe Babban Duhu, jibi ta ƙetara Wagini ta ƙasar Batsari, inda aka yanke mata cibiya. Haka take tun kanta na baƙi wuluk har furfura ta cinye shi, har a shekarun da bin hanyoyin nan sai da addu'a. A ƙarshen watan nan za ta ajiye aikin duba-gari, ni kuwa na ce ba za ta koma gida shiru ba.

A da, in aka ce ga duba-gari nan, mata har tuntuɓe suke yi wajen kifar da randa. Inna Amatu ce ta kashe wannan tsoron. Za ta yi sallama, ta zauna a tabarma, ta tambayi mai gida, ta tambayi yara, ta tambayi damina da shanu, sai gaisuwa ta ƙare kakaf sannan ta ja matar gida gefe ta yi ƙasa da murya: "Ɗiyata, kina da baƙi?"

Baƙin nan kyankyasai ne. Ta san halinmu sarai. Mace ta gwammace ta faɗi ciwon da ke ƙarƙashin zanenta da ta yarda akwai kyankyaso a kicinta, don gani take an kira ta ƙazama. Amma baƙo, wa ya fi ƙarfinsa? Sai ka ga mace ta yi dariya ta ce, "Wallahi Inna, sun yi min sallama." Daga nan karatu ya fara. Takan ce baƙo raɓa ne, amma wannan in ya sami ɓarɓashin tuwo da ɗigon ruwa da tsagar bango, ya zama ɗan gida. Kada kwano ya kwana da miya a jiki. A rufe ɗumame. A liƙe tsaga, a yi wa masai murfi, a fitar da tsoffin kwalaye. In ya zo bai sami ci ba, bai sami sha ba, da ƙafarsa zai koma.

Wanda ke son sanin darajar wannan kalma ya je Wagini ya tambayi Indo mai waina.

Indo da tandarta take ciyar da gida rabin shekara, don in rumbun mijinta Muntaka ya yi ƙasa, waina ce ke riƙe su har kaka. Wata ranar kasuwa Badamasi mahauci ya kai loma, sai ya tsamo kyankyaso daga cikin miyar taushe. Da ya yar ya yi shiru, da an wuce wurin. Amma Badamasi ba ya ganin abin ba'a ya ƙyale. Ya ɗaga shi sama ya ce, "Jama'a, ashe wainar Indo har da nama kyauta, mu mahauta mun kusa tashi." Kasuwa ta kwashe da dariya. Kasuwa biyu a jere Indo ta koma gida da ƙullunta ya yi tsami, yara na binta da "nama kyauta". Ta kife tanda ta ce ta daina. Muntaka kuwa ya sayo fiya-fiya, maganin ƙwarin gona, ya ce zai wanke kicin da shi, har inda ake ajiye shinkafar waina.

Labari ya iske Inna Amatu a Safana. Fiya-fiyar nan ta fi kyankyason tayar mata da hankali, don ta sha ganin yaran da aka kai asibiti ranga-ranga saboda ita. Ta aika ta bakin ɗan acaɓa: kada a fesa komai, gobe tana tafe a kan maganar baƙi.

Indo ta gane, amma kunya ta hana ta fassara. Muntaka bai gane ba. Shi dai ya ji "baƙi", kuma daga Safana, ya ce lallai manyan ma'aikata ne. Da sassafe ya danne zakaransa ya yanka, ya aro tabarmi, ya saka rigar Juma'a ya tsaya a ƙofar gida. Can sai ga babur ɗaya, da tsohuwa ɗaya.

Bayan an gaisa ya leƙa hanya ya ce, "Inna, ina baƙin? Ko suna baya?"

"Ai sun riga ni zuwa, Malam Muntaka. Sun daɗe a gidanka, kai ke ciyar da su."

Har yau in Muntaka na ba da labarin nan sai ya share hawayen dariya, ya ce zakaransa ya mutu a kan kyankyaso.

Inna Amatu ta shiga kicin ta haska ko'ina, ta same shi fes, ko tsinke babu. Ta dubi Indo, wadda idonta ya yi ja don kuka, ta ce, "Ke ba ƙazama ba ce, ɗiyata. Ruwa dai ba ya tsami banza. Mi ke bayan bangon nan?" Ɗakin Indo ne, kuma jikin bangon kabet ɗin jerenta ne, kwalla da fanteka da samira tun na aure. A cikinsu akwai babbar kwallar mahaifiyarta marigayiya, wadda ba a taɓa zuba komai a ciki ba. Kullum ana goge gaban jere, amma ba a taɓa sauke shi ba. Inna Amatu ta ɗaga murfi ɗaya ta nuna mata ƙwayayen kyankyasai, jajaye kamar wake, sannan ta nuna tsagar da suke bi su shiga kicin.

Magani shi ne a fitar da komai tsakar gida, a wanke da ruwan zafi, a shanya a rana, a liƙe bango. Indo ta ce sam. In maƙwabta suka ga jere a waje, ta tabbatar wa duniya maganar Badamasi ke nan.

A nan ne, Inna, kika nuna ke wace ce. Kina da ikon ki ce dole, ba ki ce ba. Kika bi unguwa gida gida kina cewa Salla ta matso, a yi gayyar wankin jere, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, yau a gidan Indo, gobe a na gaba. Mata suka zo da omo da soso da guɗa. Da aka jawo kabet baƙi suka watse, kajin unguwa suka yi babbar Salla tun kafin ta mutane. Aka ci zakaran Muntaka ana waƙa. Washegari aka shiga gida na biyu, sai ga su. Na uku, sai ga su. Kafin a gama zagaye, babu matar da ke da bakin yi wa wata dariya. Abin da aka gani a gidan Mahfuza matar Badamasi, ke kin ce amanar aiki ce, ni ma ba zan faɗa ba.

Saura kasuwa, wadda ba a wanke ta da omo. Ranar da Indo ta sake ɗora tanda, mutane na wucewa suna kallon gefe. Sai ga Inna Amatu cikin kayan aiki, ta ja benci ta zauna a gaban kowa ta ce, "Zuba min, ki cika miya." Ta ci, ta suɗe, ta nemi ƙari. Wainar da duba-gari ta ci, wa zai ce da ita ƙazanta? Benci ya fara cika. Can sai ga Badamasi yana sosa ƙeya, da tsokar nama a ƙunshe. Ya ajiye gaban Indo ya ce, "Ga naman kyautar na gaskiya, ki yafe ni." Indo ta yi dariya har da hawaye, ta zuba masa.

Ke ce rufin asirin matan karkara, Inna Amatu. Kin kori kyankyaso daga kicinmu ba ki kori mutuncin kowa ba, kin raba fiya-fiya da tukunyar abinci ba ki zagi mai fesawa ba. Mun gode. Allah ya sa ki huta lafiya, ya saka miki da gidan Aljanna. Ku kuma matasan duba-gari da za ku gaje ta, tocila da ludayi kowa ma ana ba shi. Ku koyi yadda ake gaisuwa, da yadda ake ƙasa da murya.

Jiya da hantsi motar haya ta tsaya a ƙofar gidan Inna Amatu a Safana, matan Wagini suka yi ta fitowa. Indo ce a gaba, ɗauke da kwallar mahaifiyarta, karo na farko da aka zuba wani abu a ciki, cike da waina mai zafi. Ta durƙusa ta gaishe ta, sannan ta matso kusa ta yi ƙasa da murya.

"Inna, kina da baƙi."

Inna Amatu ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta goge ido da bakin mayafi. "Waɗannan kam," in ji ta, "a ba su ci, a ba su sha, su kwana."