Shekarun da ruwa ya tare hanyar Salaga

Gidanmu a Salaga gidan baƙi ne tun zamanin kakanmu. Ɗakuna bakwai ne a jere bayan zaure, kuma ban tashi na ga ɗaya a rufe ba. Direbobin da ke ɗauko goro daga Kumasi sukan haye kogi a Yeji, su kwana wurinmu, da safe su nufi Yendi da Bawku. Aikina shara da ɗebo ruwan rijiya da raka baƙi kasuwa. Amma zuciyata tana wurin inji. Duk direban da ya buɗe kan motarsa zai gan ni tsaye a gefensa.

Ina da shekara ashirin da uku muka fara ji a rediyo cewa an datse kogin a can kudu, za a samar da lantarki. Baba ya ce, "Ruwan da aka tare a Akosombo, me ya haɗa shi da mu?"

Ashe ruwa baya yake komowa. Sannu a hankali ya cika mashigar Yeji, har wurin da jirgin fito ke hayewa kafin mutum ya gama cin goro ya zama tafki, ba a hango ɗaya gaɓar sosai. Motoci suka koma yin layi, wani lokaci kwana biyu, goro yana bushewa a cikin huhu. Direbobi suka fara bin ta Kintampo su wuce Tamale. Ɗakunanmu suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

A shekarar ne kuma ƙafar Baba ta dama ta shanye. Ya hana a rufe ɗaki ko guda. Kullum bayan asuba sai in share su duka, in kaɗe tabarmi, in cika randuna. Da yamma in zubar wa bishiyar mangwaro ruwan da ba wanda ya taɓa.

Wani abokina da muka yi karatun allo tare ya rubuto mini daga Bawku. Ya ce maigidansa makaniki yana neman wanda zai koya wa gyaran manyan motoci, kuma ya yi masa maganata. Na karanta wa Baba takardar. Ya ce, "A bari damina ta wuce." Damina ta wuce, ya ce a bari a sha ruwa. Aka yi salla, bai ƙara tayar da zancen ba, ni ma na kasa.

Wata Laraba da hantsi wani direba Ba'asante, wanda ya fi shekara goma yana sauka gidanmu, ya tsaya a ƙofa. Ya durƙusa ya gaida Baba da irin Hausarsa ta Zongo.

"Baaba, hanya ya mutu. Wannan ne zuwana na ƙarshe. Na zo sallama."

Baba ya ce, "Ruwa ne, zai janye."

"Ba ya janye, Baaba. Gwamnati ne ya ajiye shi."

Da na raka shi wurin mota sai ya ce mini akwai wuri a gaba, Bawku za shi, in shirya kafin azahar. Na shiga na ɗaure kayana a zane, na kai mota da kaina. Na dawo na durƙusa gaban Baba na faɗa masa. Bai hana ni ba. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "To. Allah ya tsare. Ka bar wa uwarka mabuɗan ɗakuna."

Inna tana tsakar gida tana lalube tukunya, don a lokacin yanar ido ta kusa rufe mata gani. Na miƙa mata mabuɗan, ta kai hannu gefe, ba ta same su ba. Na tsaya riƙe da su. Direba ya yi oda sau biyu. Na fita na sauke ƙunshina, na ce masa ya gaida mutanen Bawku.

Bayan wata biyu na ari keke na tafi Makango, mashigar da ke gaɓarmu daura da Yeji, don in ga ruwan da idona. Manyan itatuwa suna tsaye a cikinsa har wuya, sun bushe, ba ganye ko ɗaya. Motoci huɗu ne a layi, masu su suna dafa doya a gindin taya. Na zauna har la'asar, jirgi bai zo ba, na juyo gida.

Shekara tara na ƙara a zauren nan. Na koya wa kaina gyaran keke da fitilar ƙwai, da su muka ci abinci. Daga baya wani malamin makaranta, Bagonje ɗan ƙabilar yankinmu, ya kama ɗaki ɗaya ya zauna da matarsa. Baba bai taɓa yarda a kira shi ɗan haya ba. Har ya rasu, kullum da safe sai ya tambaye ni ko an kai wa baƙo ruwan wanka, kuma ko ya faɗi ranar da zai wuce.