Ranar da Manhaja Ta Kama Inna

Shekarar da na fara aikin kula da intanet na wasu ƙananan asibitoci uku, a Anka da Gummi da Bukkuyum, ji nake babu wanda ya kai ni wayo. An ba ni wata manhaja mai sa ido. Takan koyi matsakaicin datar da kowane asibiti ke sha, da ɗan kaucewar da ya saba yi sama ko ƙasa. Na saita mata iyaka: duk wanda ya wuce ninki biyu na wannan kaucewa, ta kunna ja.

Kowace ranar kasuwar Bukkuyum sai ta kunna wa asibitin garin ja, sakamakon gwajin jini ya ƙi tafiya ta intanet.

Shugabarmu, likita ce da ba ta son wasa, ta ce in kawo sunan mai wannan ɓarna a taron ma'aikata. Na bugi ƙirji, na ce ko aljani ne sai na tona masa asiri.

Daga ofishina na Anka na buɗe akwatin bincike, na sa ranar kasuwa, na ce a jero wayoyi daga mafi ci. Ta farko sunanta "Wayar Inna". Ni na rubuta sunan da hannuna, ranar da na haɗa ta da layin asibitin Bukkuyum don ta ga hoton jikanta.

Ashe tun daga ranar, idan ta kasa daddawarta a jikin katangar asibitin, sai ta kira ƙanwata da ke aure a Gummi ta bidiyo, ta jingina wayar da faranti har la'asar. Ba ma hira suke ba. Wannan na ciniki, waccan na tankaɗe.

Kunya ta kama ni, na yi abin da bai kamata ba: na ɗaga iyakar zuwa ninki uku. Inna ta tsallake. Na mayar huɗu. Makon nan ƙanwata ta yi baƙi, aka gaisa da kowa ɗaya bayan ɗaya, Inna ta tsallake huɗun ma.

A taro likita ta ce, "Malam, ina sunan?"

Na ce, "Mahaifiyata ce, ranki ya daɗe."

Har mai gadi sai da ya zauna don dariya. Likita ba ta kore ni ba, amma ta sa na mayar da iyakar biyu, na cire wayar daga layin a gaban kowa.

Na hau kabu-kabu zuwa gida in yi bayani. Inna ta saurare ni tsaf, tana gyara bakin zane.

Ta ce, "Wato injin ga naka ya san ranar da nika zuwa kasuwa, da sa'ad da nika tashi?"

Na ce ƙwarai, har da minti.

"To ya hi ka. Kai yaushe rabonka da gidan ga?"

Na buɗe baki in ba ta amsa, na tarar ban san ranar ba.