Atishawa a Bayan Bas

Har gobe ban manta da ranar da Alhaji Ɗanladi, mai garejin da na yi wa aiki a unguwar Oloumi, ya ɓoye makanikai uku a cikin mota ba.

Ga wanda bai san Gabon ba: baƙo ba ya aiki sai da katin zama da izinin aiki, kuma neman izinin nan nauyin maigida ne, ba na ma'aikaci ba. Ni ne shugaban makanikai, na sha tuna wa Alhaji cewa su ukun ba su da izini. Kullum sai ya ce, "Malam Sani, 'ya'yan ƙannena ne, ziyara suka zo." Ɗayansu, Habu, ya shekara biyu yana ziyara a ƙarƙashin motoci.

Rannan da hantsi wata mata ta sauko daga tasi, da katin ofishin ƙwadago rataye a wuya. Nan da nan Alhaji ya cusa su ukun a bayan wata farar bas da muka gama gyarawa, ya rufe, ya tare ta da "Bonjur, Madam" har da rusunawa.

Ashe ba bincike ya kawo ta ba. Bas ɗin ta mijinta ce, ɗauka ta zo yi. Ta karɓi makulli, ta tayar, ta fice. Alhaji ya zauna a kan taya yana salati.

Ba a jima ba ta dawo. Ashe a hanyar unguwar Lalala Habu ya yi atishawa, wani cikinsu kuma ya kasa haƙuri ya ce masa "Yarhamukallah."

Ta buɗe ƙofar, ta ce da Faransanci, "Maigida, waɗannan ma cikin kayan gyaran suke?"

Alhaji ya ce mini, "Gaya mata baƙina ne."

Na ce, "Alhaji, ga sifana nan a aljihun Habu."

Su ukun kam sun ɗauka zamansu a ƙasar ya ƙare. Ita kuwa Alhaji ta ba sammaci. Ya sha tara, ya yi watanni yana sintiri a ofisoshi har izinin mutum biyu ya fito. Na ukun bai samu ba, ya koma Maraɗi, Alhaji ya saya masa tikiti yana ƙunƙuni.

A nan na gane masu gareji sun fi tsoron layin ofis a kan tara. Tun daga lokacin, in wani ya zo neman aiki, kafin in tambaye shi ko ya iya sauke inji, sai na fara tambayar maigida ko ƙafarsa za ta jure tsayuwa.