An Gama Yankan Ciyawa, Bimurza

A ƙauyen Mazeri kaf ba a taɓa yin mutumin da ya tsani lauje kamar Bimurza ba. Ƙato ne, kafaɗarsa sai ta cika ƙofa, amma da an ce gobe za a fara yankan ciyawa sai bayansa ya riƙe. Bayan nan kuwa bai taɓa hana shi bin awakin dawa a kan duwatsu ba. Matarsa Tekle takan ce baki da ƙafafu ta aura, hannuwan an manta ba a kawo mata ba.

Ana nan sai ga baƙi daga Ingila da igiyoyinsu, wai za su hau Ushba, dutsen nan mai ƙaho biyu. Aka tambaye su me suka ajiye a can, suka ce babu komai. Jama'a suka tausaya musu. Shi kuwa Bimurza faɗuwa ta zo daidai da zama, ya samu sana'ar da ake shan wuya ba a kawo komai gida. Baƙin suka sha kashi suka koma ƙasarsu, suka bar masa takalmi mai ƙusoshi da ciwon hawa.

Tun daga nan, duk shekara da ya ji ana wasa lauje sai ya ɗaura takalmin.

"Tekle, bana sai na taka ƙahon nan."

"Taka mana! In ka isa ka yanko wa saniyarka gajimare, shi za ta ci da sanyi. Ragon banza."

Ita kaɗai take yankan. Ranar da ta shigar da damin ƙarshe takan tsaya bakin ƙofa ta kwarara wa dutsen ihu, kafin rana ta faɗi sai ga shi ya sauko, hanci duk ya saɓule, yana tambayar ko akwai kubdari, burodin nan mai nama, mai zafi.

Shekarar da ya ɓace, haushi ya hana ta yin ihun. Shi ma bai sauko ba.

Kowa da tasa. Wasu suka ce tsagar ƙanƙara ta haɗiye shi, wasu suka ce ya ƙetara ya samu bazawarar da ba ta da saniya. Tekle ta yi ta zaginsa har dusar ƙanƙara ta farko ta zubo, sannan tsoro ya kama ta. A al'adarsu, wanda ya mutu a waje, in ba a je da zakara da mai goge an ɗauko kurwarsa ba, haka zai dawwama cikin sanyi bai san hanyar gida ba. Bimurza kuwa ko safa ba ya iya nemowa da kansa.

Ta saɓa zakara, tsoho Jansug mai goge yana biye da ita yana haki, har gindin ƙanƙara inda aka ga sawun ƙusoshi na ƙarshe. Suka ajiye zakaran. In ya yi cara, kurwar tana wurin, za ta bi shi gida. Jansug ya goga har yatsunsa suka sandare. Zakara ya takure ya lumshe ido.

"'Yata, mu koma. Ko mijinki ba ya nan, ko zakaranki ya gado shi."

"Ɗan dakata, Baba."

Tekle ta waiwaya. Ba ta taɓa hawa nan ba. Can ƙasa ga Mazeri, ga filin ciyawar da ya cinye mata ƙuruciya, bai fi tafin hannu ba. Ashe yana ganinta duk shekarun nan, yana ƙirga damman. Ja'iri! Abin ya ba ta haushi, ya kuma karya mata zuciya.

Ta gyara ɗankwali, ta riƙe ƙugu, ta fuskanci dutsen.

"Bimurza! An gama yankan, ragon banza! Sai ka sauko!"

Zakara ya miƙe wuya ya yi cara.

Ta sunkuce shi ta tura cikin mayafinta don kada sanyi ya taɓa shi. Har suka isa gida faɗa take yi masa, hawaye na zuba.