Tsaunin Thomas a Tsakar Gida

Thomas ɗan garuwa ne a unguwar Umarari, amma ba da kurar ruwa aka haife shi ba. Can a duwatsun Gwoza shekara talatin ya yi yana jera duwatsu a gefen tsauni don tare ƙasar gonaki. Babu kwazazzabon da ƙafarsa ba ta sani ba. Rikici ya koro shi Maiduguri da rigar jikinsa, sai Ya Zainaba, wata dattijuwa mai sayar da itace, ta buɗe masa ɗakin zaurenta.

Ɗanta guda ne, Abdulwahab, makanikin jirgin soja mai saukar ungulu. Idan ya zo hutu yakan tsokani Thomas: "Baba, jiya na wuce ta saman gonarka, ciyawa ta cinye ta!"

Da damina ta yi tsakiya, jirginsu ya shiga gajimare a kan duwatsun nan, bai fito ba. Su biyar ne a ciki. Aka yi kwana tara ana shawagi ana leƙe daga sama, aka ce ba a ga komai ba. Ya Zainaba ba ta yi gardama da ƙaddara ba. Abu ɗaya take roƙo, a kawo mata gawar ɗanta a yi masa sutura.

Ana haka wata 'yar garin su Thomas ta tsero daga hannun 'yan bindigar da suka mamaye duwatsun, ta ce ta ji ƙara, ta kuma ga hayaƙi bayan dutsen da suke shanya gero. Nan take Thomas ya gane wurin. Rami ne mai zurfi da itatuwa suka rufe, ko shaho ba ya ganin cikinsa.

Ya ajiye kura ya nufi ƙofar bariki. Ranar farko aka ce oga ba ya nan. Rana ta biyu aka miƙo masa taswira ya nuna. Ina Thomas ina taswira? Tsaunin da ya sani ba shimfiɗaɗɗe ba ne kamar tabarma. Rana ta uku sai ya zo da buhun tsakuwa, ya durƙusa a bakin titi ya gina musu tsaunin da hannunsa, har da ramin, har da hanyar awaki da za a bi a sauka.

Wani soja mai igiya biyu ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Tsoho, yaya aka yi ka san wurin haka? Da 'yan bindigar nan kake aiki ko?"

Kwana huɗu ya yi a tsare. Abin takaici, duk tambayoyin da aka yi masa babu ko ɗaya a kan jirgin. Da aka sako shi ya tarar an share tsakuwarsa. Mutum ya kawo muku tsauni har ƙofa, ku sa tsintsiya!

Ya koma gida. A tsakar gidan Ya Zainaba ya sake ginawa, dutse bisa dutse, yana huci, tun hantsi har la'asar. Ta fito ta tsaya a kansa.

"Thomas, ina yake?"

Ya sa yatsa a wani ɗan lungu tsakanin duwatsu biyu. "Nan, Ya. Ba na tantama."

"Za su je?"

Ya kasa ɗaga kai. Ta gane.

Ta durƙusa da ƙyar, ta ɗebi ƙasa cikin tafin hannunta, ta zuba a lungun sau uku kamar yadda ake yi a kabari, leɓɓanta na motsi. Sannan ta miƙe ta karkaɗe zaninta.

"Kada kowa ya share min nan," in ji ta.