Wurin da aka bari a bangon sojoji

Ran kasuwar Filinge, wani tsoho daga Sanam ya riƙe wayata ya ƙi saki. Abin da yake kallo a ciki, hoton bangon tunawa da sojoji ne da na ɗauko a Yamai: sama sunayen mamata a jere, ƙasa babu rubutu.

Ɗansa soja ne, wata uku bai kira ba.

Ya ce, "Ɗan nan, wurin ga da anka bari wayam, na su wa ne?"

Bakina bai taɓa rasa ciniki ba. Na ce, "Baba, adon magina ne kawai."

Ya miƙo mini wayar. "Kai dai ɗan kasuwa ne. Manomi ba ya sharar gona in bai da iri."

Na mayar da wayar aljihu. Da ku ne, me za ku ce mishi?