Injin da Na Zaɓa da Kunne

Ko zan manta da komai a sana'ar nan tawa, ba zan manta da ranar da na ɗora injina a kan dardumar wata mata a Malbaza ba. Shekaru sun ja, kujeru da tapi, wato kafet, da na wanke daga lokacin ban san iyakarsu ba, amma har yau in na bi ta ƙofar gidan nan a kan moto sai in ji kunya ta rufe ni, in ƙara wuta in wuce.

Ni mutumin Badaguishiri ne, a garka na tashi, cikin albasa da tumatir. A wurinmu injin ban ruwa da kunne ake zaɓensa. Mai sayarwa ya tada shi, kai kuma ka koma gefe ka saurara. In ya yi rurin da har ka ji a ƙirjinka, to inji ne. In muryarsa ta yi siriri, ko kyauta aka ba ka sai ka yi tunani. Da wannan ilimin na baro gida na zo Konni, kuma ina ji da shi, don ni a lokacin ba a gaya mini magana a kan inji. Ina da taurin kai, wannan ko matata ba ta ɓoye wa baƙi.

A Konni wankin mota na fara. Daga nan ma'aikatan da nake wanke wa motoci suka riƙa cewa in zo gida in duba musu kujerun salo, wato falo, da tapi. Da farko yadda kowa ke yi na yi: bokiti, sabulu, a kwarara ruwa, a fitar rana. To soson cikin kujera ba ya sakin ruwa da wuri. Sama ta bushe, ciki na jiƙe, bayan kwana uku ɗaki ya ɗauki wari, in damina ce kuwa abin ba a magana. Sai da na je Sakkwato na ga yadda ake yi a wani otel hankalina ya buɗe. Ba sa jiƙa komai. Magani suke fesawa kaɗan, kamar raɓa, su bi da buroshin inji, su goge da tawul, in ya sha iska su zuƙe da injin zuƙar ƙura. Kafin a gama shan shayi mutum ya zauna a kujerarsa. Na ce wallahi wannan ita ce sana'ata, saura in samu injin.

Akwai wani dattijo a kasuwar Konni mai sayar da kayan aikin hannu, shi na nufa. Na yi masa bayani, ya fito da inji biyu ya ajiye a kan tebur. Ɗaya babba ne, mai nauyi, mai igiyar wuta. Ɗayan ƙarami, na batir, da 'yar lamba a gefe. Na ce a kunna. Babban ya yi wani ruri har mai shagon kusa ya leƙo. Ƙaramin kuwa da ƙyar na ji shi.

Dattijon ya ce, "Wanga babban na masu goge ƙarfe ne. Gudu guda gare shi, ko kunne ko kashe. Ƙaramin shi ne naka. Kana rage mai gudu kana ƙarawa, kuma ba ya cin wuri guda, kaɗawa yake yi."

Na yi dariya na ce, "Haba Baba, wanga mai kukan sauro? Ni aiki zan yi, ba wasa ba."

Ya dube ni ya ce, "Ɗana, tufa ba ƙarfe ba ce."

Na ce na ji, a naɗe mini babban, a haɗa da baƙin buroshi mai tauri. Bai ƙara jan magana ba, ya ce Allah shi ba da sa'a. Yanzu da nake tunawa, na ga yadda ya yi jinkiri wajen ɗaure kwalin, kamar yana ba ni lokaci in sake shawara. Ni kuwa a lokacin haushinsa ma nake ji.

Makonnin farko injin ya ƙara kumbura mini kai. Shimfiɗun ƙasan mota da tapin buro, wato na ofis, masu kauri nake samu, irin waɗanda ko me ka yi musu ba sa nunawa. In ina aiki wani gashi-gashi yana tashi, ni kuma ina nuna wa masu kaya ina cewa ku ga dauɗar da ke fita. Ashe jikin tapin ne nake ci. Wuyan hannuna na ciwo, kunnuwana na ƙara har bayan na tashi aiki, duk na ɗauka alamar inji mai ƙarfi ke nan.

Ana haka aka haɗa ni da wata ungozoma da ke aiki a gidan haihuwa na Malbaza, mutuniyar wajen Agadas ce da aiki ya kawo ta. Ranar Asabar da hantsi na ɗaure kayana a moto na tafi. Mace ce mai natsuwa, ba ta da yawan magana. Ta nuna mini kujeru, sannan ta nuna wata darduma a tsakar ɗakin. Ta ulu ce, saƙar hannu, ja da baƙi, irin ta arewa. Ta tsufa amma kana gani ka san ana ji da ita.

Ta ce, "Malam, wannan ta mahaifiyata ce. Ka bi ta a hankali, musamman gefen can. Bari in sauke tukunya in zo in nuna maka, kada ka fara."

Ku ji inda halina ya kai ni. Maganar nan da ta yi, ni raini na ji a cikinta. Mace za ta koya mini aikina? Tana fita na leƙa gefen da ta nuna, sai ga wani tabo, ja mai duhu ya koma ƙasa-ƙasa, ya kai tafin hannu. Na ce a raina, ashe wannan ne ya gagari kowa, shi ya sa take tsoro. Na ƙudura kafin ta dawo in ɓatar da shi, ta shigo ta riƙe baki, gobe labarina ya zaga ma'aikatan Malbaza duka.

Na fesa magani, na jona igiya, na ɗora baƙin buroshin nan. Tabo bai motsa ba. Na ƙara fesawa, na danna da ƙarfi. Bai motsa ba. Kaina ya ɗau zafi, na durƙusa na sa nauyin jikina gaba ɗaya. Sai na fara jin wani ƙauri, irin na babbakar kan rago, amma ko a lokacin ban ɗaga hannu ba, cewa nake saura kaɗan.

Kawai sai injin ya mutu a hannuna. Na ɗauka wuta aka ɗauke. Da na waiga, tana tsaye a bakin bango da igiyar a hannunta, ludayi na ɗaya hannun. Daga baya na ji cewa tun daga madafa take kirana, ta zo ƙofar ɗaki ta kira, har maƙwabciyarta ta bayan katanga ta ji. Ni da ke taku uku da ita ban ji ba, rurin da na saya da kuɗina ya toshe mini kunne.

Na ɗaga injin. Tabo kam ya tafi, amma da ulun ya tafi. Wurin ya zama fili, fararen zaren ƙasa sun fito, wasu sun tsinke, gefen ya ƙone ya murɗe.

Ba ta yi ihu ba. Da ma ta zage ni, da ya fi mini sauƙi. Ta ajiye ludayin, ta durƙusa, ta ɗora tafinta a wurin. Ta daɗe a haka kafin ta ce, "Ƙafar mahaifiyata ce."

Ban gane ba. Ta ce lokacin da ta fara aiki, tsohuwar ta zo ganinta da dardumar a matsayin kyauta. Tsohuwar ta ƙunsa lalle a ƙafa don murna, sai ƙunshin ya kwance ta taka gefen ba ta sani ba. Suka yi ta dariya, tsohuwar na cewa ai ta sa hannu a takardar aikin ke nan. Shekara ba ta zagayo ba mahaifiyar ta rasu. Duk garin da aka tura ta aiki, da dardumar take tafiya, kuma abin da ta so ta nuna mini shi ne in kewaye wurin, kada ko magani ya taɓa shi. Sai a lokacin na tuna siffar tabon, da faɗi a gaba da 'yan ɗigo a jere. Yatsu ne. Na kalle su da idona ban gan su ba, saboda ba kallo nake ba, neman suna nake.

Na ce, "Madam, don Allah ki yi haƙuri. Zan nemo miki wata, ko nawa ce."

Ta ɗago ta ce, "A wace kasuwa, Malam?"

Ta miƙe ta ce, "Na yafe maka. Amma tattara kayanka, yau ba na iya kallonka."

Hanyar Malbaza zuwa Konni ba ta da nisa, amma ranar sau biyu ina tsayawa a gefen titi. Ni da nake ganin kaina namiji, hawaye na yi, ba zan ɓoye ba. Ban wuce gida ba, shagon dattijon na nufa, na ajiye injin a kan teburinsa na gaya masa komai. Ina jira ya ce ai na gaya maka. Bai ce ba. Ya ɗauko ƙaramin, ya sa masa farin buroshi mai laushi, ya mayar da lambar ƙasa, ya ce in miƙo hannu. Ya ɗora mini a bayan hannu yana aiki, ban ji komai ba sai ɗan susa.

Ya ce, "Abin da fatarka ba ta iya ɗauka, kada ka aza shi bisa tufar mutane. Kuma ka ji muna magana yana aiki? To haka ake so."

Ranar na zauna kamar ɗan lakwal, wato ɗan makaranta, ya koya mini abin da na ƙi saurara da farko. Buroshi mai laushi na ulu ne da kujeru, mai matsakaicin ƙarfi na tapin roba, mai taurin nan kuwa a bar wa tayal da tayar mota. A fara da ƙaramin gudu, a ɓoyayyen wuri, a goga farin tawul a gani ko launi na fita. Ya ce in riƙe injin da hannu ɗaya in ɗaga sama, in hannuna ya gaji kafin ya gama magana to ya yi mini nauyi, don mai gajiya shi ke dannawa. Na batir kuma ya fi mini, tunda wutarmu ba ta da alkawari. Ƙaramin na saya, babban injin kuma wani mai walda na ba, can ne gidansa tun asali.

Bayan mako biyu na koma Malbaza na roƙi ungozomar ta bar ni in kai dardumar wurin wani tsohon masaƙi a Tajaye. Ta yarda. Tsohon ya yi aiki mai kyau, ya cike wurin da jan ulu, in ba ka sani ba sai ka duba sosai. Da na mayar mata ta shafa wurin, ta ce an gode, ta naɗe.

Na ɗauka shi ke nan tsakaninmu. Sai ga shi bayan damina ta aiko in zo in wanke kujerun da ban wanke ba ranar. Na je, na yi aikin da ƙaramin injina, tana zaune muna ɗan taɓa hira. Ta yaba, har ta haɗa ni da abokan aikinta. Shekara uku ina yi mata aiki kafin a canza mata gari. Amma duk ranar da zan zo, tsakar ɗakin nan siminti ne tsirara. Kafin in iso take naɗe dardumar ta shigar ƙurya. Ba ta taɓa faɗa ba, ni ma ban taɓa tambaya ba.

Abin da na koya ke nan, kuma da tsada na koye shi, sai dai ba ni na biya ba. Kayan aiki ba da ƙarfinsa ake zaɓensa ba, da abin da za a ɗora shi a kai ake zaɓe, kuma inji nagari shi ne wanda zai bar ka ka ji in an ce tsaya. Yanzu duk gidan da na shiga, kafin in buɗe jaka sai na nuna kowane tabo na tambayi mai shi ko a cire ko a bari. Wasu dariya suke mini, su ce wane ne zai so tabo. Ina barinsu su yi dariyarsu. Ni na san mutum na iya yafe maka har zuciyarsa, amma abin da yake ƙauna ba zai sake shimfiɗa shi a gabanka ba.